Barmo da Ƙafar A-kori-kura

A ƙauyen Tungar Gora akwai wani gida mai mutum biyu da mota ɗaya. Tabawa ce babba, mijinta ya rasu, tana noman tumatir a fadama, kuma ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo. Ƙanenta Barmo ya ba arba'in baya, ga ƙarfi ga ladabi, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da kuwa gari zai kama da wuta. Motar kuwa tsohuwar a-kori-kura ce da mahaifinsu ya bar musu. Barmo ke tuƙa ta, kuma tun ranar da tsohon ya ce masa kada ya yi gudu, har masu keke wuce shi suke yi suna gaishe shi.

A shekarar nan tumatir ya yi kyau, ya kuma nuna gaba ɗaya. Ranar Asabar manyan motocin 'yan kudu ke zuwa kasuwa, wanda bai kai nasa ba kafin azahar sai ya koma da shi gida ya ruɓe. Wahalar Tabawa ta wata huɗu tana rataye a kan Asabar ɗin nan.

Wata rana, Litinin ce, ƙafar gaba ta hagu ta fara kuka, gurrr, kamar injin niƙa. Tabawa ta ce, "Barmo, maza kai wa Ilu bakanike ƙafar nan ya duba." Barmo ya ce, "To, Yaya." Ta tafi fadama. Da ta dawo sai ta tarar da mota a ɗore kan duwatsu da ƙafa uku. Ashe Barmo ya kwance tayar, ya gangara ta da hannu har garejin Ilu da ke bakin titi, tafiyar awa biyu cikin rana. Ilu ya jujjuya ta ya ce lafiyarta lau, Barmo ya gangaro abarsa gida yana murna. Tabawa ta riƙe kai. "Ni Tabawa, me na yi wa duniya? Ina motar take da za a gane ciwon?" Barmo ya ce, "Ai ƙafa kika ce, Yaya." Kwana ɗaya ya tafi a banza.

Wata rana, wato washegari, aka lallaɓa da motar gareji. Ilu ya ɗaga ta da jak, ya girgiza ƙafar, ta yi lakab-lakab. Ya kwance ta, ya zaro boris ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa. Ya ƙone ƙurmus, ƙwallayensa sun farfashe. Ilu mutum ne mai son ba da umarni yana kallon wani wuri. Ya miƙa wa Barmo ya ce, "Gobe ka tafi Funtua ka sayo irinsa sak. Kada ka yarda su haɗa ka da wanda ya bambanta ko kaɗan." Barmo ya shiga shagon kayan mota goma sha ɗaya. Ko'ina aka fito masa da sabo fil a kwali sai ya dube shi, ya dubi nasa, ya girgiza kai. "Wannan yana ƙyalli, nawa ba ya yi." Wani mai shago har ya biyo shi waje yana rantsuwa lambarsu ɗaya. Sai da la'asar ya dace a wajen 'yan gwangwan, cikin tarin ƙarafa, ya tono wani matacce, ƙonanne, mai fasassun ƙwallaye. Ya kawo shi a naɗe cikin hularsa. Ilu ya yi dariya har da buga cinya. Tabawa ba ta yi dariya ba, ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana huci, domin Laraba ke nan ta wuce.

Wata rana, Alhamis, Tabawa ta ce ita da kanta za ta je, tunda Allah bai ba ta mataimaki ba. Ta san halin gareji, ka bar mota da batir ka dawo ka tarar da wani. Saboda haka ta ja Barmo gefe ta ce, "Zauna nan. Kada ka bar kowa ya taɓa motar nan har in dawo." Ilu ya shirya kwance ƙafar dama ya rage aiki, ya zo da sifanansa. Barmo ya miƙe tsaye da wani ƙaton ice a hannu. "Malam Ilu, ka yi haƙuri, Yaya ta ce kowa." Ilu ya ce, "Kai, gareji nawa ne fa!" Barmo ya ce, "Gareji naka ne, mota tamu ce." Haka suka wuni, bakanike na zagaye mota, Barmo na zagaye bakanike. Tabawa kuma ba ta samu irin boris ɗin ba sai da aka aiko da shi daga Zariya ranar Juma'a da yamma. Da ta ji abin da ya faru, sai ta ɗaga hannu sama ta sauke don takaici.

Wata rana, ita ce Asabar ɗin. Tun da safe aka jibge kwanduna talatin na tumatir a bakin gareji, ga mata biyar abokan nomanta da za su hau saman kaya, kowa da goyo ko ƙunshi. Saura a saka boris a ɗaure noti a tafi. Sandar ƙarfen da boris ke zama a kanta ta yi baƙi ƙirin da ƙonannen giris. Ilu yana shan shayi, yana kuma son ya kawar da Barmo daga gabansa, sai ya tura masa gwangwanin kananzir da tsumma. "Wanke sandar nan. Kada ka tashi sai babu sauran baƙi ko ɗis."

Aikin minti goma ne. Barmo ya yi awa biyu.

Sanda ta yi fes tana ɗaukar ido, amma can gindinta akwai wani siririn layi baƙi, kamar gashi, ya zagaye ta. Barmo ya goga da tsumma, ya goga da toka, ya goga da yashi, layi na nan. Rana ta take, tumatir ya fara tsiyaya ta ƙasan kwando, ƙudaje suka taru. Tabawa ta zo kansa ta tsaya. "Barmo, tashi a saka ƙafa!" Ya ce, "Da saura, Yaya." Ta ce, "Wallahi yau sai na ci mutuncinka a gaban jama'a! Wata huɗu ina ban ruwa, bayana ya ƙage, kai kuma ka zauna kana yi wa ƙarfe kwalliya?" Hawaye ya zubo mata don baƙin ciki. Barmo ya dube ta da tausayi, amma ya rungume sandar da hannu biyu. "Malam Ilu ya ce ko ɗis."

Ilu ya ajiye kofi ya taso a fusace da guduma. "Matsa, sakarai! Datti ne kawai. Wannan ƙarfen zai binne ni ya binne ka. Ka gani?" Ya ɗaga guduma ya kwaɗa wa sandar sau ɗaya.

Sandar ta ɓalle, ta faɗi cikin gwangwanin kananzir.

Ilu ya durƙusa ya ɗauko guntun. Cikinsa duk tsatsa ne, tsohuwar tsagewa ta cinye shi, ɗan farin wurin da ke riƙe da shi bai fi faɗin farce ba. Tabawa ta dubi ƙarfen, ta dubi matan nan biyar da goyonsu, ta tuna gangaren gadar da ke kan hanyar kasuwa, inda mota mai kaya ke sauka da nauyinta duka a kan ƙafafun gaba. Ta zauna a ƙasa tana salati.

Da ta samu numfashi, kan Ilu ta juya. "Shekara ashirin kana wannan sana'a! Da yanzu ka shafe shi da giris ka ɗaure noti ka ce mu sauka lafiya!" Azahar ta wuce, motocin kudu suka tafi. Tumatir dai sai dai a yanka a shanya, kuma Tabawa ta san ba za ta ga rabin abin da ta sa rai ba.

Barmo bai san ana yi ba. Ya karɓi guntun daga hannun Ilu, ya leƙa cikinsa, ya ɓata fuska. "Yaya, ashe baƙin har ciki ya shiga. Kananzir kuma ya ƙare."

Tabawa ta share ido da bakin mayafi, ta daɗe tana kallon ƙanenta. Sannan ta ce, "Malam Ilu, ƙaro masa kananzir. Ka kwance ƙafar dama ka ba shi ita ma ya wanke. Kuma kada wanda ya ce masa ya yi sauri."