Solar da Ciyaman Ya Kafa a Ƙofar Gida

Ba kowace unguwa Allah ke yi wa baiwa da mutum irin Ciyaman ba. Wata uku kacal ya shugabanci kwamitin walwalar ma'aikata kafin ya yi ritaya, amma muƙamin ya kama jikinsa, har jikokinsa da shi suke kiransa. Mutum ne mai zurfin nazari. Ko takalmi zai saya sai ya ce a ba shi lokaci ya duba lamarin.

Matarsa na fama da ciwon suga, allurarta kuma sai a firji take zama. Wuta takan yi kwana biyu ba ta leƙo ba. Har sau biyu magani yana lalacewa, a karo na biyun sai da aka kwantar da ita a asibiti. Da ta dawo ta ce, "Alhaji, a sa mana sola, ko ta firjin nan kaɗai."

"Hajiya, harkar makamashi ba ta gaggawa ba ce," in ji shi. "Zan kafa kwamiti."

Ya kuwa kafa. Shi ne shugaba, shi ne sakatare, surukinsa kuma ɗan kallo. An yi zama bakwai a falo, an sha shayi, an yi fifita da jarida. Ciyaman ya yi jawabi kan rana tun daga fitowarta har faɗuwarta, kamar da shawararsa aka rataye ta.

Da ƙila har yau ana zaman, sai wanzamin bakin layi ya sa faranti biyu na sola a kan shagonsa, mutane suka fara yaba masa. A ranar kwamiti ya kammala aikinsa.

Mai haɗa sola ya zo da tsaninsa, ya zagaya gidan, ya ce rufin baya ne ke shan rana wuni guda, can za a ɗora.

"A baya?" Ciyaman ya cire tabarau. "Faranti takwas, in kai su inda ƙadangaru ne kawai za su gani? Malam, ni abin koyi ne a unguwar nan. A jera su jikin katangar gaba, a tsaye."

"Ranka ya daɗe, benen maƙwabcinka ya tare wurin. Rana ba ta taɓa katangar nan sai minti ashirin."

"Tun kafin a haife ka nake hulɗa da rana."

Mutumin ya dubi Hajiya, ta dubi ƙasa. Ya ɗauko sukurdireba.

Gaskiya aikin ya yi kyau. Masu wucewa suna rage tafiya, mata suna gyara ɗankwali a jikin gilashin. Ciyaman ya gayyato dattawan layi buɗe aiki, aka ɗaura kirtani, ya yanke da almakashin ɗinkin Hajiya. Ya yi jawabin minti arba'in, wanda ya cinye rabon ranar katangar har ya ninka. Sannan ya danna makunni.

Fanka ta juya sau huɗu, cikin natsuwa, ta tsaya. Firji ya yi gyaran murya ya yi shiru.

"Irin ta zamani ce," Ciyaman ya sanar da baƙi. "Tana da tattali."

Dattawa suka gyaɗa kai, suna share gumi.

Washegari Hajiya ta sa allurarta a jaka, ta kai firjin ƙanwarta, tafiyar mota biyu. Da ta dawo ta tarar da shi a kujera bakin ƙofa, yana goge faranti na uku da hannun riga.

"Alhaji, tunda dai an kafa su, bari in ci moriyarsu."

Ta ɗauko tawul ɗinsa da ta wanke da safe, ta shanya a kan na tsakiya. Da la'asar ta zo ta kwashe shi, yana ɗiga.