Ranar da Aka Yaye Tamfol

A wani daji da ke bayan dutse akwai wata mota. Baƙa ce, doguwa, mai kujerun fata. Santaleliya ake kiranta. Ta tsohon Zaki ce, sarkin dajin, kuma ba wanda ya taɓa shigarta sai shi da direbansa, Gyado. Gilashinta baƙi ne wuluk, ko leƙe ba a yi.

Zaki ya mutu bai bar magaji ba, sai aka kafa majalisa ta dattawa huɗu. Bika ne shugaba. Kada ne alƙali. Dorina ce ke riƙe da tsaro. Burtu ne mai shela. A makon makoki suka sa aka tura motar cikin kogo, aka lulluɓe ta da tamfol, aka ɗaure da igiya goma sha biyu. Aka sallami Gyado. Ya koma can bakin rafi ya haƙa rami. Nan ya binne matarsa, nan ya tsufa. Zauren majalisa bai taɓa takawa ba, don ba a kiran irinsa.

Duk shekara in ruwa ya ɗauke akan yi Ranar Duba. Dattawa su sa kayan sarauta, su zagaya tamfol sau uku, a ƙirga igiya. Sai Burtu ya busa ƙaho ya ce, "Santaleliya lafiya lau take!" Jama'a su yi guɗa su watse. Ɗaga tamfol kuwa, an ce rashin kunya ne ga marigayi. Shekara talatin ana haka.

Ran nan saƙo ya zo cewa manyan dajin gabas za su kawo ziyara. Jama'a suka taso da murya ɗaya: a fito da Santaleliya a tarbi baƙi. Dattawan nan kowa yana jiran ɗan'uwansa ya ƙi. Ba wanda ya ƙi. Bika ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, abin da kuka faɗa shi ne a ranmu tun jiya. Amanar da muka riƙe shekara talatin, yau za ku gan ta da idonku. A kira tsohon nan."

Gyado ya zo da sifanarsa a baki. Aka kwance igiya, aka yaye tamfol.

Guɗar da aka fara ba a ƙarasa ta ba. Tayoyi huɗu sun zauna, sun tsattsage. Fenti ya yi furfura. Ɓeraye suka fantsamo ta ƙarƙashin ƙofa kamar an zazzage buhu. Gyado bai damu da wannan ba, aikin shekaru ne. Ya buɗe ƙofar direba. Babu sitiyari, sai sandar ƙarfe tsirara. Ya zagaya ya ɗaga murfin inji. Babu kafireto, tulun da ke haɗa wa inji mai da iska. Babu lagireto mai sanyaya shi. Babu hon.

Gyado ya durƙusa.

"Wa ya yi wannan?" in ji shi. "Wa ya yi mata wannan?"

Kada ya amsa daga baya, a hankali. "Tambaya mai kyau. A duk dajin nan, wa ya iya kwance kayan mota?"

Kowa ya juyo ya dubi sifanar.

A ranar aka shigar da shi zauren majalisa. Al'adar zauren ita ce mai laifi ya dafa Tulun Gaskiya ya rantse. Wani abu ne mai nauyi, an ɗinke shi cikin jar fata, yana kan teburin alƙali. An ce kayan kakanni ne. Gyado ya sunkuya zai dafa. Hancin gyado ba ya kuskure. Ta cikin fata, ta cikin turaren shekara talatin, ya ji warin tsohon fetur.

Ya ɗaga kai. Ya dubi Zoben Mulki da ke rataye a wuyan Bika, naɗe da fata da gashin jimina. Hannuwansa sun san faɗin wannan zoben. Ya dubi Garkuwar Kakanni a ƙirjin Dorina, mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma. Ya dubi ƙahon Burtu. Duk shekara yakan jiyo kukansa daga bakin rafi, ya ji kamar ya san muryar, ya ce a ransa kewa ce kawai.

Ya so ya yi ihu. Amma ya san nauyin maganar gyado a gaban maganar alƙali. Ya dafa tulun ya ce, "Ban ɗauki komai ba."

Kada ya yanke hukunci. "Kwana arba'in ya rage baƙi su zo. In mota ta tashi ran talatin da tara, mun yafe. In ba ta tashi ba, a cike raminka, ka bar dajin nan. Ba kai ba bakin rafi har abada."

"Ranka ya daɗe, matata tana can."

"Ai ba ita ta yi sata ba. Ita za ta zauna."

Gyado ya koma kogo ya fara aiki. Bai taɓa makulli ba. Motar da ta yi shekara talatin tana barci ba a tashinta da tsawa. Ya kwance fulogai, ya ɗiga baƙin mai da kananzir a kowane rami, ya bari. Ya sauke tanki, ya tarar fetur ya daskare kamar ƙaro, ya wanke shi da tsakuwa sau bakwai. Ya zubar da tsohon mai, baƙi ƙirin mai kauri. Kowace safiya ya sa sifana a hancin inji ya danna da ƙirji. Kwana takwas bai motsa ba. Ran na tara ya yi ƙara, ya matsa kamar faɗin farce. Gyado ya zauna ya daɗe yana haki.

Taya da batir da sabon fetur, Dila ne ya kawo daga bakin titi. Ba a tambaye shi yadda ya samo ba.

Bika yakan leƙo da rana, ya tsaya nesa don kada mai ya taɓa shi.

"Malam Gyado, har yanzu ba ka fara fenti ba?"

"Ranka ya daɗe, birki ya cije."

"Baƙi birki za su kalla? Jiki za su kalla. Ka goge ta ta yi ƙyalli."

"In ta gangara da ku rafi fa?"

"Kai dai ba ka san mulki ba," in ji Bika, ya shafa zobensa ya tafi.

Wata tsohuwar ɓera ta ƙi tashi daga kujerar baya. Gyado yana sake wayoyin da danginta suka cinye, yana zagi ƙasa-ƙasa, ita tana kallonsa.

"Baba Direba, ka bar zaginmu hakanan. Waya mun ci, na yarda. Auduga mun kwashe. Amma ka taɓa ganin ɓera da sitiyari a ka?"

"Rufe min baki, ɓarauniya."

"Ƙaramar ɓarauniya dai. Kakata ta ga manyan. Su huɗu ne, a makon makoki. Kowa ranarsa daban. Kowa ya zo shi kaɗai yana waige-waige, ya ɗaga gefen tamfol ya kwance nasa da dutse. Ta ce Bika har kuka yake yi yana kwancewa."

Gyado ya ajiye waya. "Shi kaɗai? Ba su san na juna ba?"

"Ina za su sani? Kowa gani yake shi ne kaɗai lalatacce a cikin mutanen kirki. Shi ya sa suke girmama juna haka."

Daga ranar Gyado ya daina korarta.

Ran talatin da tara duk daji ya hallara a bakin kogo. An turo motar waje. Ta sha wanki, tana tsaye a kan sababbin tayoyi, kai ka ce Zaki ne zai fito. Dattawa suka zauna cikin kayan sarauta.

"Tashe ta," in ji Kada.

"Ranka ya daɗe, ba za ta tashi ba. Kafin ku kore ni, a miƙo min Tulun Gaskiya in sake rantsuwa a gaban jama'a."

"Ba a fitar da tulu daga hannun alƙali."

Bika ya ce, "Haba, alƙali. Tsoho zai bar daji, roƙonsa na ƙarshe ke nan. Ba shi mana. Me zai yi wa kayan kakanni?"

Dorina ta ce a ba shi. Burtu ya ce a ba shi. Kada ya dubi ƙasa, ya miƙa.

Gyado ya sa haure ya farke jar fata. Jama'a suka yi salati. Ya hure ƙurar, ya wanke shi da fetur, ya share ƙofofinsa da tsinke. Ya ɗora shi a kan inji. Ramuka huɗu, ƙusoshi huɗu. Tulun ya zauna daram.

Bika ya miƙe a fusace, kuma ba fushin ƙarya ba ne.

"Kada! Kai? Shekara talatin muna sa marayu da gwauraye su dafa wannan abin su rantse! Ni kaina a kansa na yi rantsuwar kama mulki! Ashe kayan sata ne! Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Ina za mu sa fuskarmu?"

Kada bai dube shi ba. Ya ce, "Malam Gyado, me kuma ya rage?"

"Lagireto, ranka ya daɗe. Faɗinsa kamar ƙirjin dorina."

Dorina ta kai hannu ta rufe garkuwarta. Hannun bai isa ba. Bika ya koma ya zauna daɓas, ya ce, "Ke ma, Hajiya?" Ita da bakinta ta ce wa Gyado, "To ai ba ni kaɗai ba ce, tambayi mai ƙahon can." Ba don ta sani ba ta faɗa, haushi ne. Sai ga Burtu ya saki ƙaho, ƙahon ya faɗi ƙasa.

Gyado ya ɗaura lagireto, ya cika shi da ruwa. Ya ɗaura hon. Ya shiga ya zauna a kujerar direba, ya dubi sandar ƙarfen nan tsirara. Sannan ya juyo ya dubi wuyan Bika. Duk daji ya juyo tare da shi.

"Wannan na kakan kakana ne," in ji Bika.

"To ai ba zai shiga ba, ranka ya daɗe," in ji Kada. "Ba shi ya gwada."

Zoben ya shiga.

Gyado ya taka mai sau biyu. Ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya yi shiru. Ya sake. Baƙin hayaƙi da audugar ɓeraye suka fito ta baya, ƙasa ta girgiza, sai kukan ya daidaita, a hankali, mai zurfi, kamar Zaki yana minshari. Ƙananan dabbobi suka ruga daji. Tsofaffi suka fashe da kuka. Gyado ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya kasa saki.

Dattawa huɗu suka koma bayan wata tsamiya. Ba su daɗe ba. Suka fito a jere, kafaɗa da kafaɗa. Kada ya yi magana.

"Jama'a, ku natsu. Yau kun ga hikimar magabata. Tun a makon makoki kowannenmu ya hango cewa motar da aka bari da kayanta a kogo, ɓarayi za su kwashe. Kowa ya ɗauki abu ɗaya ya adana a jikinsa, dare da rana, bai gaya wa kowa ba don kada asiri ya fita. Ga shi kun ji ta tashi. Da ba mu adana ba, da me za ta tashi? Saura tambaya ɗaya. Akwai wanda ya fi kowa sanin darajar motar nan. Shekara talatin yana kwance a bakin rafi. Me ya adana? Ko ƙusa ɗaya? Da bakinsa ya rantse bai ɗauki komai ba. Wannan sakaci ne, kuma sakaci ya fi sata muni."

Gyado ya leƙo ta taga. Ya dubi jama'a. Wasu sun fara gyaɗa kai.

Bika ya matso. "Amma mu masu tausayi ne. Malam Gyado, kashe ta. Ka kwance kayan nan ka mayar wa kowa amanarsa. Kai kuma ka riƙe makulli. Mu ɗinke maka shi a jar fata, ka rataya, ka zama na biyar a cikinmu. Raminka naka ne har ka mutu, kusa da matarka."

"In na ƙi fa?"

"Ka ji hukunci."

Gyado ya kasa kunne. Inji yana ta kukansa. Ya duba allurar zafi, tana tsakiya. Ya duba ƙarƙashi, ko ɗigo babu. Ya kashe ta. Ya zare makulli ya ajiye a kan kujera, ya fito ya rufe ƙofa a hankali, ya ɗauki sifanarsa.

"Ba na kwance abin da ke aiki," in ji shi.

Ya gangara bakin rafi. Ya share kabarin matarsa, ya jera duwatsu a kai. Kafin la'asar ya haye dutse. Shi kaɗai ya iya tuƙi a dajin, kuma a ƙasa ya tafi.

Da yake ba sifana, da duwatsu aka kwance kayan. An fasa abu biyu ko uku da ba a yi niyya ba. Aka mayar da tamfol.

Washegari baƙi suka iso. Aka zagaya da su tamfol sau uku. Babbansu ya shafa igiya ya ce lalle an iya riƙon amana a dajin nan, su ma suna da irinta a gida, tasu shekara arba'in.

A Ranar Duba ta bana ma an ƙirga igiya. Goma sha biyu ce cif.