Likitan Zukata a Kamfanin Roba

Idan ana lissafa masu tausayin talaka a Kano, a fara da Malam Abdulbaqi, sannan a ɗan huta kafin a nemo na biyu. Ɗalibi ne mai neman digiri na biyu a fannin kula da walwalar jama'a, kuma tun zangon farko ya gano cewa kowa a duniya yana da damuwa, shi kaɗai Allah ya bari lafiya. Mahaifiyarsa ta ce gwiwarta na ciwo, ya ce mata ba gwiwa ba ce, kaɗaici ne. 'Yan ajinsu suka raɗa masa Likitan Zukata. Bai ji zolaya a ciki ba, sai ma ya ce sun makara.

Da lokacin aikin gwaji ya zo, aka tura shi wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake buga buta da bokiti. Sakamakonsa na shekara a kan wannan zaman ya rataya. Ya iso cikin kwat da laktaye, a zafin da ko injin ma gumi yake.

Lokacin cin abinci ya tara ma'aikata a rumfar Fanna mai garau-garau, ya sa suka yi da'ira.

"'Yan uwana," in ji shi, "babban makamin aikinmu shi ne sauraro. Mutane ba su iya sauraro ba. Ni kuwa karanta shi na yi."

Ya bayyana sauraro, da tarihinsa, da rabe-rabensa, har jiniyar komawa aiki ta kaɗa.

Washegari wani mai suna Ado, mutumin Maraɗi, ya ɗaga hannu ya ce ƙarar injin ta fara toshe masa kunne ɗaya.

"Na ji ka, Malam Ado, na ji ka sosai," in ji Likita. "Ni ma haka na ji ranar da aka dawo mini da babi na biyu na kundin bincikena, duk jan biro."

Daga babi na biyu ya gangara kan yayansa da ake fifitawa a gida. Daga nan ya faɗa kan tsohuwar budurwarsa Badi'a, wadda ta ce masa ya cika surutu, ta auri mai sayar da taya a Dakata. Ado ya juyo masa da kunnen mai lafiya, ya saurara.

Daga ranar abubuwa suka sauya. Fanna ta fara ƙara masa kifi. Kullum sai an samu ma'aikaci ɗaya ya zo ya zauna kusa da shi, ya ce, "To, Malam, sai kuma aka yi yaya?" Wata rana a tsakiyar labarin Badi'a har ya yi ƙwalla, wani ya miƙa masa ruwan leda. Maganar kunne kuwa, Malam Ya'u, dattijon da ke shugabantar ma'aikata, shi ya bi manaja har aka raba musu abin toshe kunne. A aji Abdulbaqi ya sanar cewa ya rushe katangar rashin yarda, har layi ake yi don ganinsa.

Ranar ƙarshe malamarsu, Dakta Aina'u, ta zo duba aikinsa. Ya tarbe ta a bakin get, ya kai ta rumfa, ya tsaya yana gyara laktaye. Ta tambayi Malam Ya'u yadda suka ga zaman.

"Alhamdu lillahi, Hajiya, an samu sauƙi sosai," in ji dattijon.

Abdulbaqi ya sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo.

"Da aka kawo shi," Malam Ya'u ya ci gaba, "manaja ya ce mana daga wajen masu damuwa yake, mu yi haƙuri da shi. Sai muka raba kwana, kowa da ranarsa. Da farko ko numfashi ba ya yi tsakanin magana. Yanzu yana cin abincinsa, ya rage kiran yarinyar nan, jiya har ya bar Ado ya kai ƙarshen zancensa."

Dakta Aina'u ta daɗe tana kallon bokitan da aka jera a bakin sito, tana danne dariya.

"Ranki ya daɗe," in ji Abdulbaqi, murya ƙasa ƙasa, "wannan a littafi shi ake kira shigar da al'umma cikin aiki."

"Sun shiga kam," in ji ta.

Malam Ya'u ya raka ta har mota, ya leƙa ta taga.

"Hajiya, in kuna da wani irinsa, ku kawo, aikin lada ne. Amma a bari sai bayan salla. Yaran nan sun gaji."