Injiniyan Da Ya Koya Wa Na'ura Gaba

Duk wanda ya ce ƙasar Gummi ba ta haifi gwani ba, to bai taɓa ganin Injiniya Lirwanu ba. Mutum ne da ya je Kaduna kwas na 'yan makonni ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin hularsa, har sai da ya sayi wata mai tsawo. Kafin tafiyar, gyaran waya yake yi a bakin tasha. Bayan dawowar, ko tasa ce ta faɗi sai dai wani ya ɗauko masa. Masu hassada suna cewa girman kai rawanin tsiya, amma wannan bai shafe shi ba, tunda shi hula yake sawa.

Masu shagunan kwamfuta na Anka da Bukkuyum da Gummi suka haɗa kai suka kafa ƙarafan sabis, suka jona garuruwan uku da intanet, suka damƙa masa kula da na'urorin da ake kira rauta. Aikinsu ba shi da wuyar ganewa. Kowace takan gaya wa maƙwabciyarta hanyoyin da ta sani, su auna, su zaɓi mafi sauƙi. In wata hanya ta mutu, su koma wata ba tare da neman izinin kowa ba. Bukkuyum tana tsakiya, don haka mafitarta biyu ce, ko ta Anka ko ta Gummi.

Wannan rashin neman izini shi ya dami Injiniya. Ya lura saƙonnin Bukkuyum duk ta Anka suke bi don ta fi sauri, alhali shi yana zaune a Gummi. Sai ya tara masu shaguna ya yi jawabi.

"Jama'a, wanga rashin tarbiyya na. Ina kunka taɓa ganin yaro ya ratsa gari bai tsaya ya gai da manya ba? Dut saƙon da za shi fita Bukkuyum, sai ya biyo ta ofishina ya kwashi gaisuwa."

Ya jibga wa hanyar Anka nauyi a lissafin na'ura, ya sauƙaƙa ta Gummi. Intanet ya koma tafiyar hawainiya. Hoton mutum kan buɗe daga hula, ya huta, sannan ya gangara gemu. Injiniya ya ce natsuwa ce. Aka laƙaba masa Sai-Ta-Gummi, ya ɗauka sarauta ce, yana amsawa da ɗaga hannu.

Da a nan ya tsaya, da da sauƙi, domin hanyar Anka tana nan ajiye don ranar ɓacin rana. Sai aka yi wa Dikko mai shagon Anka haihuwa. Ranar suna Injiniya ya iso cikin babbar riga, sanƙira ya hango shi ya ɗaga murya: "Ga Lirwanu mai gyaran waya!" Aka kuma nuna masa benci, ga kujerun roba yana gani. Dikko ya yi ta ba da haƙuri. Injiniya ya ce ba komai, ya ci naman suna da kyau, ya koma gida ya ƙulla gaba.

Gaba irin tamu kuwa ba ta tsayawa kan mai ita, duk wanda ke ƙarƙashinka sai ya taya ka. Matarsa ta daina gai da matar Dikko. Na'urar Bukkuyum ma ai a ƙarƙashinsa take, don haka ya kafa mata doka: duk hanyar da ta Anka ta ambata, a tace ta a zubar. Tun daga ranar, in na'urar Anka ta yi sallama ta ce ga hanya, ta Bukkuyum takan amsa sallamar a daƙile, ta watsar da zancen.

Injiniya yana da yaya mai suna Hamsatu, tana aure a Adabka, cikin ƙasar Bukkuyum, kuma ita kaɗai ta rage mai kiransa da sunan yanka. Ɗiyarta Fa'iza ta gama sakandare, ba abin da take so irin karatun jinya. Rajistar jarrabawar shiga sai a shagon kwamfuta ake yi, da hoto da ɗan yatsa. Kawu Injiniya ya hana a yi da wuri. Ya ce a bari sai ranar ƙarshe, zai zo Bukkuyum da kansa ya tsaya a kai, jama'a su ga yadda ake yi wa 'yar manya rajista.

Ana gobe ranar, iskar farkon damina ta kwantar da ƙarfen Gummi.

Hamsatu da Fa'iza suka yi sammako a kan babur, suka tarar shagon Bukkuyum ba sabis. Hanyar Anka lafiyarta ƙalau, na'urar can tana ta tallata ta, amma ta nan 'yar halak ce, ba ta saɓa umarni. Dikko ya bugo wa Hamsatu ya ce zai iya ɗage dokar daga shagonsa, in aka ba shi lambar sirri. Ta kira ƙanenta.

"Lirwanu, ba Dikko lambar ga ya buɗe muna hanya."

"Yaya, ba ki san wanga aiki ba. Lambar sirri ba goro ta ba, da za a raba wurin suna. Yanzun ga sabis shina dawowa."

"To mu mu tahi Anka a yi muna can."

"Jinina ba shi shiga shagon wanga mutum. Ku zamna."

Suka zauna, domin ai shi ne injiniya. Shi kuwa ya wuni tsaye a kan ƙarfen da ya faɗi, hannu a baya, yana koya wa masu walda walda. Kafin Hamsatu ta cire rai hadari ya sake haɗuwa, ruwa ya sauka, rafi ya cika, ba mai babur ɗin da zai yarda ya tsallaka. Aka rufe rajista. Fa'iza ba ta yi kuka a shagon ba, ta dai ja hijabi ta rufe fuska. Shekara guda ta yarinya ta tafi a kan benci da kujerar roba, kuma abin da ciwo.

Da aka tayar da ƙarfen, Injiniya ya sake tara masu shaguna.

"Ina taya ku murna. Tsarin da niy yi ya ci jarrabawa. Dut da wagga masifa, ko saƙo guda bai bi ta Anka ba."

Sallah ta zo. Bisa al'ada Hamsatu ke jagorantar dangin Adabka zuwa Gummi yawon gaisuwa, kuma gidan Injiniya ake fara sauka, don shi ne a bakin titi. Ya sa aka shimfiɗa darduma, aka dama fura, ya hau kujera ya kafa hula.

Da ayarin babura ya iso shigar gari, Hamsatu ta ce a karya ta bayan kasuwa. Mijinta ya ce ai ta gidan Injiniya ta fi kusa.

"Wagga hanya an tace ta," in ji ta.

Injiniya yana zaune ya ji ƙarar baburan ta zagaya bayan katangarsa ta wuce. Ya jira har fura ta tsinke. Sannan ya gyara hula, ya shaida wa matarsa cewa wata 'yar matsala ce ta hanya, yanzun nan suna dawowa.