Kwamfutar Maiwada Ta Ƙi Tashi

"...da gajiyar hanya, da gajiyar babur, da gajiyar ƙarya. Sannu da zuwa, angon da ba a ganinsa sai ya jiyo ƙanshin dambu."

"Yawwa, amarya mai haƙori uku. Na same ku lafiya?"

"Huɗu ne, marar kunya. Ɗaya na can ciki, ba kowane sakarai nake nuna wa ba."

Damina ce ta shekarar 1989. Maiwada malamin gona ne a Funtua, kuma shugabansa Mista Fidelis ya damƙa masa wata kwamfuta mai kama da ƙaramar akwati, wadda duk ofishin ita kaɗai ce. Wata uku yana zuba mata bayanan sabon irin masara da ake gwadawa a gonaki arba'in. Yau da la'asar manya za su zo daga Kaduna su gani. Ya ratso ta Dayi da hantsi wai don ya gaida kakarsa Hajo, amma magana ta Allah, burga ce ta kawo shi.

Ya zauna a tabarma, ya ɗora akwatin a cinya, ya buɗe.

"Matso ki ga abin da ba ki taɓa gani ba tun zamanin da kike tallar fura ga masu shimfiɗa hanyar jirgi."

"Me ke ciki? Sadakina ne da ka gudu da shi?"

"Kwamfuta ake ce mata. Ƙwaƙwalwarta ta fi ta mutanen unguwar nan a haɗe."

"To Allah ya sa ta sammaka."

Maiwada ya danna maɓalli. Abin ya yi ƙara ɗil, rubutu ya fito a gilashi, ciki ya fara gurnani, sai ɗif, gilashin ya yi baƙi. Ya sake dannawa. Ɗil, gurnani, ɗif.

"Shi ke nan wasan?" Hajo ta tambaya. "Ai kazata ma ta fi wannan daɗewa in za ta yi kuka."

"Kunyarki take ji. Ba ta saba ganin kayan tarihi ba."

Bakinsa ne kawai ke zolaya. Ya tuna yadda Mista Fidelis ya riƙe hannunsa ya ce ko matar Maiwada bai yarda ta taɓa kwamfutar ba. Ya zaro ɗan faifan da ke gefenta, ya hure shi, ya mayar. Ɗif. Ya ɗauko wani faifan kwamfutar daga jaka ya saka. Ɗif. Gumi ya fara bin bayan kunnensa.

"Ana yabonka salla ka kasa alwala," in ji Hajo. "Miƙo ta nan in ɗaka mata duka ɗaya. Haka nake wa rediyona."

"Ki taɓa ta in kai ki gaban alƙali! Wannan ba ƙwaryar nono ba ce."

"To a yi mata turaren hano, ƙila iska ce ta shige ta a hanya."

"Iskar da ke gidan nan ai ke ce."

"Ko zazzaɓi ne? Ka ɗaure ta a bayan babur rana na dukanta tun safe. In kawo mafici?"

Maiwada ya harare ta, amma ya taɓa gindin akwatin ya ji da ɗumi. Ya ja tabarmar zuwa inuwar darbejiya, ya cire hularsa yana yi mata fifita.

"Ashe dai maganata ka bi."

"Ba maganarki ba ce, a littafi take."

"Wane shafi?"

"Shafin da aka ce tsofaffi su yi shiru."

Kwamfutar ta huce sarai. Ya yi bisimilla ya danna. Ɗil, gurnani, ɗif. Ya dubi agogo, ya dubi sama. Daga Dayi zuwa Funtua ba nan kusa ba ne, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas. Aikin wata uku, da ramukan da ya faɗa, da manoman da ya bi gona gona, duk suna cikin wannan baƙin gilashi.

Hajo ta daina dariya. Ta gyara zama, ta karkata kai.

"Sake kunnawa in ji."

"Me za ki ji da kunnen da ba ya jin kiran salla sai kiran abinci?"

"Kunna dai, ɗan nema."

Ya kunna.

"Ka ji? Sai ta fara wannan kakkarwar sannan take mutuwa. Ina batirinta?"

"Batirinta cike yake. Jiya na cika shi da kaina."

"Ban tambaye ka ko ya ƙoshi ba. Na ce ina yake zaune?"

"Hajo, karen bana shi ke maganin zomon bana. Ki bar wa 'yan boko aikinsu."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Juya ta."

Don dai ya rufe mata baki ya kifa akwatin. Ya taɓa murfin batirin, sai ya ji yana ƙwas-ƙwas. Ɗan harshen da ke riƙe shi ya karye, ba shakka a ramukan hanya. Da cikin ya fara kaɗawa sai batirin ya goce.

"Na gani tun ɗazu," ya ce. "Gwada ki nake."

"Allah ya shirye ka."

Ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da kwalin sukari. Ta yago gefe, ta ninka uku, ta miƙo.

"Cusa masa a haƙarƙari. Shekara shida rediyona ke magana da irin wannan."

"Kayan Turai ki ce in sa wa kwali? Sai dai a kore ni daga aiki!"

"To zauna. Manyan naka su zo ka kunna musu ɗif."

Ya karɓa yana ƙunƙuni. Ya tura kwalin, batirin ya zauna daram. Ya juya ta ya danna. Ɗil. Gurnani. Rubutu ya fito, ya tsaya, wani ya biyo baya. Ga gonakinsa arba'in a jere, ba wadda ta ɓace. Ya sauke ajiyar zuciya har kafaɗunsa suka faɗi.

Hajo ta rangaɗa guɗa, awaki suka watse.

"Yanzu faɗi da bakinka: Hajo ta fi boko."

"Har abada! Kwali ne ya yi aiki, ba ke ba. Hannuna kuma ya saka shi."

"Haka ne?"

"Haka ne."

"To ba ni kwalina."

Ta miƙo hannu. Maiwada ya rungume akwatin a ƙirji ya ja da baya.

"Haba amaryata! Haba ta gaban goshi!"

"Kwalina nake so. Zan zuba sukari."

"Wane sukari a kwalin da ya yage?"

"Nawa ne ko naka?"

Dariya ta ƙwace masa. Ya lalubi jakarsa ya ciro ƙunshin farin goro da ya sayo a Malumfashi don kai wa surukinsa, ya durƙusa ya ajiye a gabanta.

"Na faɗa. Hajo ta fi boko. Amma a cikin gidan nan kawai, kada in ji a waje."

"Kafin ka kai bakin titi duk Dayi ta ji." Ta zaɓi babba ta fasa, ta shinshina. "Tashi ka kama hanya kada ruwa ya tare ka. In mutanen Kaduna sun tambayi wanda ya gyara, ka ce injiniyar na nan Dayi, amma ba ta fita aiki sai an aiko mota."