Farfesa Biyu, Gemu Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Goggo Hari ta yi jawabi a jami'a ba, ita da ko ƙofar jami'ar ba ta taɓa gani ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗauki zafi, sannan in yi ajiyar zuciya in ce alhamdu lillahi.

Lokacin ina digiri na biyu a adabin Turanci a Kano. Makarantar 'yan mata da nake koyarwa a Kabo ce ta ba ni hutun ƙaro karatu, kuma hutun ya zo gangara. Bincikena a kan waƙoƙin da tsofaffin mawaƙan Turawa suka rubuta game da makiyaya ne: saurayi kwance a gindin bishiya yana busa sarewa, tumaki farare fat kewaye da shi, ba ƙuda, ba kaska, ba mai gona da zai biyo shi da sanda. Ni da aka haifa a Kara ta ƙasar Gwarzo, a gidan da kukan awaki ke tashinmu sallar asuba, na san ba haka kiwo yake ba. Amma ina son waƙoƙin nan kamar raina. In ina karanta su sai in ji kamar an wanke duniya an shanya.

Mai duba aikina wani dattijon Farfesa ne, dogo, siriri, mai ɗan tsinin gemu fari da yake shafawa in zai kashe mutum. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Sai dai ya leƙo ki ta saman tabarau, ya miƙo miki babinki ya sha jan biro kamar an yanka kaza a kai. Duk abin da na kai masa sai ya dawo da kalma guda a ƙasa, wadda ma'anarta ita ce: babu rai a ciki.

To, wani hutu na koma gida da babi na ɗaya, na baje shi a tabarma a tsakar gida, na shagala da kallon gajimare (halina ke nan, kada ku tambaye ni abin da nake nema a can). Ina sauko da idona na ga bunsurun Goggo Hari, yayar Babana, tsaye a kaina yana tauna gabatarwata. Ya karkata kai, ya leƙo ni ta gefen ido, ɗan gemunsa fari yana rawa. Wallahi ban san lokacin da na ce, "Haba Farfesa, kai ma?" ba.

Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki da na yi mata bayani. Shi ke nan suna ya bi shi. Gida duka, har maƙwabta, ba mai kiransa sai da Farfesa.

Ranar da zan kare tsarin bincikena a gaban malaman sashe, na san abin da ke gabana. In Farfesa bai sa hannu ba sai baɗi, ni kuwa ba ni da baɗi, don hutuna zai ƙare in koma aji da alli, digirin ya bi ruwa. Sai na yi wata dabara da na ɗauka ta masu basira ce. Tun da ya ce aikina babu rai, zan buɗe da murya. Da ma akwai wata waƙa da na karanta da bakina a bayan gidanmu da hantsi, tsuntsaye na kuka, na ɗauka a waya na tura wa Goggo. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma tun da Baba ya saya mata waya ta koyi saƙon murya take cewa, "Ɗiyata, yi mini Turancin nan in ji inda kuɗin makaranta ya tafi."

Ƙawata Rukayya, 'yar Gude da muke shiga mota ɗaya in za mu gida, ita ta aro mini lasifika. Na haɗa da wayar, na buɗe hirarmu da Goggo, na ga ta turo sabon saƙo a ƙasan nawa. Na ce a raina addu'a ce, sai na fito na saurara a natse. Na danna nawa, na ajiye wayar a kan tebur, na taka zuwa bakin taga, na lumshe ido. (Eh, na lumshe ido. A gaban Farfesa da Daktoci da ɗalibai cike da ɗaki. Na gaya muku ba lafiya ce ta ishe ni ba.)

Muryata ta cika ɗakin, ga tsuntsaye a bayanta. Na ji wata Dakta ta ce "hmm" irin na jin daɗi. Har na fara ganin kaina cikin rigar yaye ɗalibai.

Abin da na manta shi ne, saƙon murya in ya ƙare, na bayansa tashi yake da kansa.

"Salamu alaikum, ɗiyata, kin tashi lafiya? Ya Kano, ya karatu, ya zafi? To madalla. Ke, maganar Farfesa ce ta sa na kira ki."

Na buɗe ido. Duk ɗakin ya juya ya kalli Farfesa.

"Wallahi Farfesa ya ishe mu. Jiya ya tsinke igiya ya haura gidan Malam Sule yana bin na mutane, sai da aka fito da shi da taɓarya. Ga wari, ko kusa da shi ba a iya zama."

Na yi tsalle na kai ga tebur. Wayar ta kulle kanta. Na ɗora yatsa, gumi ya hana ta gane ni. Na goge a hijabi, na sake ɗorawa, ta ce ba ta san ni ba. Rukayya tana ta lalubar lasifika, maimakon ta kashe sai ta ƙure ƙarar.

"Babanki dai ya ce ranar kasuwar nan za a kira mai dandaƙa a dandaƙe shi kowa ya huta. Na ce a'a, a bari a tambaye ki, tun da ke kika raɗa masa suna, kika ce gemunsu ɗaya da malaminku mai cinye miki takardu. To kin ji. Allah ba da sa'a, Allah ya ɗora ki a kansa. A gaida shi malamin."

Shiru. Irin shirun da har fanka ake jin tana jin kunya. Wani ɗalibi a baya ya cusa hula a baki. Daktar nan ta sunkuya ƙarƙashin tebur wai biro take nema, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ina tsaye ina roƙon Allah ya tsaga simintin nan ko da ɗan kaɗan ne, ni siririya ce, zan shige.

Farfesa ya ɗaga hannu zai shafa gemu. Hannun ya kai rabi, ya tsaya, ya mayar da shi kan tebur a hankali. A nan na tabbatar na gama yawo. Na fara tunanin yadda zan gaya wa Baba.

Sai ya yi abin da ba mu taɓa ji ba, ya yi magana da Hausa a cikin ɗakin nan.

"Malama, shi wannan takwaran nawa, babi nawa ya ci miki?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ɗaya ne, ranka ya daɗe. Shi ma gabatarwar kawai."

"To ya fi ni imani. Ni ai na wuce haka."

Ɗakin ya fashe. Shi bai yi dariya ba, amma na ga gemun yana rawa, kuma Allah ya yafe mini, ko a wannan hali sai da na ga kamarsa da bunsurun.

Da aka lafa ya cire tabarau ya ce, "Tun da kika fara kawo mini aikin nan nake neman dabba ɗaya mai numfashi a ciki ban samu ba, sai yau. Kin fito daga gidan kiwo, kin zo kina rubuta mini tumakin da ba sa wari, ba sa shiga gonar kowa. Me ya sa mawaƙan nan suka wanke makiyayinsu tas haka? Wa suke ɓoye wa warin? Ke ce za ki iya yin tambayar nan, su waɗannan," ya nuna sauran ɗalibai da biro, "a faranti kawai suka san akuya."

Ya jawo takardar. Na ga baƙin biro ya ɗauka, ba ja ba. Ya sa hannu. Na zauna a kujerar da ba tawa ba, na ji iska ta shiga ƙirjina kamar an buɗe taga.

Ina tattara kayana ina ba shi haƙuri cikin harsuna biyu, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ki ce wa Goggo ina amsawa. Kuma ina nema wa takwarana sassauci."

Da na isa Kara na ba Goggo labari, sai ta tafa hannu ta ce, "La ilaha! Duk manyan suka ji ni? To da kin faɗa mini ai da na gyara murya." Sassaucin kuwa bai samu ba, don saƙon Farfesa ya iso a makare. Ranar kasuwa ta riga ni zuwa. Wannan ɓangaren ban taɓa kai masa rahoto ba, duk da yakan tambaye ni lafiyar takwara, in ce yana nan ya natsu ƙwarai.

Na gama digirina lafiya. Abin da na koya, ban da adabi: ki saurari saƙon Goggonki kafin ki haɗa waya da lasifika, kuma kada ki raɗa wa dabba sunan wanda ke riƙe da biron sa hannu. Sai dai darasin bai kai ga Goggo ba. Watan jiya akuyarta ta haihu, ta turo mini saƙo cike da murna cewa ta sa wa ɗan suna Shugaban Sashe. Ni kuwa a wajensa takardar neman digirina na uku take.