Yadda Na Zama Tsohuwa Mai Hawan Jini

Jama'a, ku taya ni murna ko ku yi mini jaje, duk wanda ya fi muku sauƙi. Yau da safe na fita daga gida ina magidanci da gemuna, na dawo da rana ina tsohuwa mai hawan jini. Ba asiri aka yi mini ba, ci gaba ne ya rutsa da ni a asibitin unguwarmu.

Ga yadda aka yi. Mahaifiyata, Inna, ta daɗe tana karɓar maganin hawan jini a tagar asibitin nan duk wata. A da abin ba wuya: ta faɗi sunanta, malamar da ke ba da magani ta danna kwamfuta, ta miƙo ƙwayoyi, a gaisa a rabu. Manhajar da ke cikin kwamfutar wasu 'yan sa-kai ne suka ɗora ta, ko ruwan sha ba wanda ya ba su. Ashe laifinta ke nan. Abin da aka samu kyauta ba shi da kwangila, ba a kafa masa rumfa, ba a gayyato masa 'yan jarida. Shi ya sa shugabanmu mai son yanka ƙyallen buɗe aiki, Mai Girma Uban Almakashi, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya duba ya ga mun cancanci abin da ya fi wannan tsada. Aka cire ta aka kawo ta wani kamfani, haɗe da wata 'yar na'ura wadda sai ta karanta zanen yatsanka kafin a ba ka ko maganin ciwon kai.

Ina wurin ranar buɗewa. Mai Girma ya yanke ƙyalle, ya ɗora babban yatsansa a kan na'urar, nan take fitilarta ta yi kore. Aka ɓarke da tafi, ni ma na tafa, domin yatsa ne da ya cancanci tafi: lumus, zanensa raɗau, tun da aka haife shi bai taɓa ɗaukar abin da ya fi biro nauyi ba.

Ita kuwa Inna da wanki da guga ta raine mu. Sabulu da ruwa sun cinye zanen yatsunta, sun yi sumul kamar bayan cokali. Ta ɗora na dama, fitila ta yi ja. Ta ɗora na hagu, ja. 'Yan layi suka shiga ba da shawara, wannan ya ce ta goga a goshi, wancan ya ce ta hura masa iska. Duk ta yi, na'urar ta nace a kan cewa babu kowa a gabanta.

Malama mai magani ta ce, "Mama, wallahi na san ki, ga maganinki nan ina kallonsa. Amma in na miƙo miki na'ura ba ta yarda ba, cewa za a yi sata na yi."

Haka muka dawo hannu biyu. Muka koma, muka sake komawa, jar fitilar dai. Ƙwayoyin da suka rage mata suka ƙare. Na kemis ɗin bakin titi ban yarda da su ba, na babban kanti kuma aljihuna bai yarda da su ba. Inna ta fara kukan ciwon kai da jiri, wata safiya kofi ya suɓuce daga hannunta. Gaskiya na tsorata, domin da irin wannan jirin ƙanwarta ta fara kafin ɓarin jikinta ya shanye.

Sai na ce bari in nemi masana, tunda Allah ya hore mini guda biyu a benci ɗaya a ƙofar gidana. Na farko ƙanin matata ne, wanda muke kira Buɗe-ka-gani, domin ko gaisuwa ka yi masa sai ya kai ka ga zancen buɗaɗɗiyar manhaja. Na biyu maƙwabcina ne, Manaja. Ba manaja ba ne, alkawarin kujerar aka yi masa tun matarsa tana amarya, amma katin aiki ba ya barin wuyansa ko cefane za shi. Kuma a kamfanin da ya kawo na'urar yake aiki.

Buɗe-ka-gani ya ji labarin Inna, sai fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

"Yaya, ka ga abin da nake faɗa muku? Buɗaɗɗiyar manhaja kamar mota ce da kowane bakanike zai iya buɗe gabanta ya gyara. Ta su Manaja kuwa an yi wa murfin walda. Da tamu ce, kafin ka shanye shayinka na ƙara mata gurbin waɗanda yatsunsu suka goge."

Na ce, "Madalla. Tashi mu je ka ƙara."

"Haba Yaya! Ni in taɓa rufaffiyar manhaja? Wannan batun aƙida ne. Amma ka kwantar da hankalinka, ni da abokaina za mu rubuta sabuwa fil."

Da mako ya zagayo na tambaye shi ina aka kwana. Ashe ƙungiyar ta dare gida biyu. Ɓangare ɗaya na son hoton kunkuru ya zama tambarin manhajar, ɗayan ya ce in ba bushiya ba sai dai a fasa, kuma kowanne na zargin ɗan'uwansa da zama ɗan leƙen asirin kamfanoni. Ba a rubuta ko layi ɗaya ba, amma an fitar da tsarin mulki. Don ya rage mini zafi sai ya karɓi wayata ya ce zai 'yanta ta. Yanzu ba ta ƙara in an kira ni, hoto ma ba ta ɗauka.

Ya ce, "Amma Yaya, babu kamfanin da zai ƙara sanin inda kake."

Gaskiya ya faɗa. Matata, yayarsa, ma ta daina sani.

Na juya ga Manaja. Ya gyara katin wuyansa ya ce, "Maƙwabci, mu a kamfani duk dangi ne, kuma Inna uwarmu ce. Na shigar da kokenta sama." Aka yi taro a kai, aka yi wani taron don duba sakamakon taron farko. Daga baya ya zo mini da hukunci yana murmushi: na'urarsu lafiyarta ƙalau, yatsan Inna ne bai dace da tsari ba.

Na ce, "To a ina ake sayar da yatsan da ya dace?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Tsakanina da kai, gyaran yana nan, an gama shi tuntuni. Amma yana cikin sabon samfuri, shi kuma sai an sa hannu a sabuwar kwangila. In na furta wannan a ofis, gobe katina ba zai buɗe ƙofa ba."

Daga nan su biyun suka manta da ni suka haye siyasa. Buɗe-ka-gani ya ce da za a mulki ƙasa a buɗe yadda ake rubuta manhajarsu, da kowa ya ga cikin kowace kwangila. Manaja ya ce a'a, kamata ya yi a tafiyar da ƙasa kamar kamfani, wanda bai kawo riba ba a sallame shi. Suka tada jijiyoyin wuya har 'yan layinmu suka fara leƙowa. Na tambaye su wa suka zaɓa a zaɓen da ya wuce. Ɗaya ya ce bai fita ba don bai yarda da tsarin ba, ɗayan ya ce ranar yana da taro. A cikin gida kuwa Inna tana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi.

Kada ku ce ban je wurin hukuma ba. Na je. Mataimakin Mataimakin Mai Girma ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce har an kafa kwamiti a kan masu gogaggen yatsa. Na roƙi in gana da su, ya ce ai suna ƙasar waje suna nazarin yadda yatsun tsofaffin can suke.

Yau da safe Inna ta miƙe sai ta dafe bango, ta ce duhu take gani. Ban tsaya wanke ido ba na kai ta asibiti. Ta ɗora yatsa, ja. Malama mai magani ta dubi fuskar Inna, ta dubi layi, sannan ta ce da ni a hankali, "Malam, kawo naka."

Ta ɗora babban yatsana a kan na'urar, ta haɗa shi da sunan Inna. Fitila ta yi kore. Kwamfuta ta yi mini maraba a matsayin dattijuwa mai hawan jini, ta kuma yi mini fatan samun sauƙi.

Malama ta miƙo ƙwayoyin ta ce, "Amma ka sani, na'urar nan yatsa ɗaya mutum ɗaya ta sani. Daga yau kai ne Mama. Duk wata sai ka zo da kanka, kuma ranar da kai ka kwanta ciwo, a wurinta babu kai."

Na ce na ji na yarda. Inna ta haɗiyi maganinta a nan bakin tagar, muka zauna a benci har jirin ya sake ta. Can sai ta kamo babban yatsana, ta kawo shi kusa da idonta tana duban zanensa, ta daɗe tana shafawa da nata mai sumul.

Ta ce, "Ashe da nake goge nawa a bahon wanki, ajiya nake yi a wurinka."

Sai na yi kamar ƙura ce ta faɗa mini a ido.

Da muka iso gida Manaja ya tare mu da albishir, wai kamfaninsu ne ke neman kwangilar na'urar zaɓe mai zuwa. Na damu ƙwarai, na ce to Inna da wane yatsa za ta dangwala? Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce kada in wahalar da kaina, ai duk zaɓen da ta je sai ta tarar wani bawan Allah ya riga ya dangwala mata.